Reginald Moreau: Mai binciken kuɗi da ya bar wa Jos tambaya a kan tsuntsaye

A ƙauyen Laminga da ke wajen Jos, cikin dajin Amurum, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tun farkon shekarun 2000 ɗalibanta ke kama tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara, su auna su, su sanya musu zobe a ƙafa, su sake su. Tambayar da suke bi ta girme su duka, kuma wanda ya fara tsara ta ma'aikacin gwamnati ne da bai yi karatun jami'a ba.

An haifi Reginald Ernest Moreau a Ingila a 1897. Yana ɗan shekara 17 ya shiga ofishin binciken kuɗin sojoji a matsayin akawu. A 1920 aka tura shi Alƙahira, inda ya riƙa fita bakin hamada a ranakun hutu yana kallon tsuntsayen da ke ratsa Misira. Can ya haɗu da Winifred, wadda ya aura a 1924, ta kuma zama abokiyar bincikensa har ƙarshen rayuwarsa. A 1928 suka koma Amani, a duwatsun Usambara na Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, inda ya riƙe aikin ofis da laburare a wata cibiyar binciken noma.

Ido irin na mai bin lissafi ya kai wa tsuntsaye. Ya horar da mutanen yankin su zauna gaban sheƙa sa'o'i masu yawa suna rubuta sau nawa uwa ke kawo abinci. A 1944 ya nuna da alƙaluma cewa tsuntsayen Afirka na yin ƙwai kaɗan idan aka gwada su da danginsu na Turai. Ma'ana, yawan ƙwai hali ne da wurin zama ke sassaƙawa, yana kuma sauyawa idan zuriya ta bazu zuwa wani yanayi. A kan wannan David Lack na Oxford ya gina sanannen bayaninsa, kuma wurinsa Moreau ya koma aiki a 1947.

Babbar tambayarsa ta shafi baƙi. Bahaushe ya san shamuwa, wadda zuwanta ke shelar damina. Wannan tafiya ce mai ma'ana, domin tana bin abinci. Tsuntsayen Turai da Asiya kuwa, waɗanda Moreau ya ƙiyasta sun kai miliyan 5,000 a kowace shekara, suna sauka kudu da Sahara ne daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Da yawansu na zama a yankin Sahel tsawon rani, ciyawa na bushewa, ƙwari na raguwa, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi ƙeƙashewa, dole su tara kitsen da zai mayar da su gida. Ta yaya baƙo zai sami abin ci a gidan da masu gida ma ke fama? Har yau masana na kiran wannan ɗaurin gwarmai da sunansa.

Ba duk hasashensa ne ya tsaya ba. Ya ɗauka ƙananan tsuntsaye na ƙetare hamada a tashi ɗaya na sa'o'i 40 zuwa 60. Bincike na baya ya nuna da yawansu na tafiya da dare, su sauka su fake da rana. Amma tambayar da ya ɗora ta fi amsarsa daraja.

Wani ɓangare na amsar daga gonakin Jos ya fito. Masu bincike sun bi wani ƙaramin tsuntsu da Turawa ke kira whinchat, suka ga manyan da suka rayu suna dawowa ainihin fegin da suka zauna bara. Da aka ɗaura wa wasu 'yar na'urar gano hanya, sai aka tarar cewa waɗanda ke maƙwabtaka a Filato sun warwatsu a faɗin gabashin Turai lokacin haihuwa. Bayanin da aka gabatar shi ne, ɗan tsuntsu a tafiyarsa ta farko kusan inda iska ta jefa shi yake sauka. Idan wurin ya raya shi, sai ya riƙe shi har mutuwa. Ke nan zuriyar da ba ta da zaɓen abinci ko wurin zama ita ce ke wanzuwa, shi ya sa irin waɗannan baƙi ke iya zama a gonar dawa da gefen ƙauye.

Moreau ya shirya mujallar Ibis daga 1947 zuwa 1960, ya fitar da littafinsa kan tsuntsayen Afirka da tsibiranta a 1966. Ya rasu a watan Mayun 1970, jim kaɗan bayan ya kammala rubuta littafinsa kan ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai, Asiya da Afirka, wanda aka buga a 1972.