Mary Katharine Goddard, Mai Maɗaba'ar Birnin Baltimore

A watan Disambar 1776, da sojojin Ingila suka kusanto Filadelfiya, majalisar 'yan neman 'yancin Amurka ta yi ƙaura zuwa Baltimore, kimanin kilomita 65 daga inda birnin Washington yake a yau. A can ne, a watan Janairun 1777, ta yanke shawarar buga takardar ayyana 'yancin kai tare da sunayen waɗanda suka rattaba mata hannu. Bugun farko na Yulin 1776 bai bayyana jerin sunayen ba, kuma a idon Sarkin Ingila duk wanda ya sa hannu ya ci amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa rataya ne. Wata mace aka ba aikin, ita kuwa da ta gama sai ta buga nata sunan a ƙasan takardar.

An haifi Mary Katharine Goddard a Connecticut a 1738. Ta koyi sana'ar ɗab'i a Providence tare da mahaifiyarta, a maɗaba'ar ƙanenta William. Aiki ne na haƙuri: a jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a juye, a ɗaure su a cikin firam, a shafa tawada, sannan a danna takarda da injin katako da ƙarfin damtse. Zanen ado kuwa sau da yawa a jikin itace ake sassaƙa shi.

A 1774 ta karɓi ragamar jaridar Maryland Journal, ta ci gaba da fitar da ita duk da ƙarancin takarda a lokacin yaƙi. A 1775 aka naɗa ta shugabar gidan waya na Baltimore.

Sakayyar da ta samu ba ta kai aikin ba. A 1784 William ya ƙwace jaridar. A 1789 aka cire ta daga gidan waya, bisa hujjar cewa aikin zai buƙaci tafiye-tafiyen da mace ba za ta iya ba. 'Yan kasuwa fiye da 200 suka kai koke, ita ma ta rubuta wa Shugaba George Washington, amma ya ƙi sa baki.

Ta koma sayar da littattafai. Ta rasu a 1816, kuma a wasiyyarta ta 'yanta baiwarta Belinda Starling, ta bar mata dukiyarta.