Walin Katsina Alhaji Bello Kagara (1890–1971), Mawallafin Ganɗoki

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin Hausa na zamani ya san littattafan nan guda biyar da gasar 1933 ta haifar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. To amma in aka zo kan tarihin mawallafansu, sai ka ga an fi ba da ƙarfi ga Alhaji Abubakar Imam da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi kuwa mai Ganɗoki a ambace shi da layi biyu a wuce. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa ne domin ta nuna cewa tafiyar da tauraron littafinsa ya yi daga wannan duniya tamu zuwa ta aljannu ba ta rasa nasaba da irin ƙaurar da shi kansa mawallafin ya yi tun yana yaro.

Haihuwarsa da gudun hijira

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1890. Mahaifinsa shi ne Malam Shehu Usman, malami ne wanda ya riƙe alƙalancin Kagara, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja, asalin gidansu kuwa daga Barno yake. A wancan lokaci ƙasar tana ƙarƙashin ikon Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma yi suna wajen yaƙi da kai hare-hare. Bello ya buɗe ido ne a gidan allo da tawada da littattafan fiƙihu, a ƙasar da doki da mashi suke yanke hukunci.

Yana da kimanin shekara 11 wannan duniya ta rushe. A farkon 1901 sojojin Ingila suka auka wa Kwantagora, Sarkin Sudan ya fita da jama'arsa suka nufi ƙasar Zazzau, iyayen Bello suna cikin masu gudun, shi ma yana tare da su. A 1902 Turawa suka kama Nagwamatse. A watan Fabrairu na 1903 Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato ta bi baya, sa'an nan a watan Yuli aka yi karon Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru tare da ɗimbin jama'ar da suka bi shi da niyyar yin gabas. Daga baya Turawa suka mayar da Nagwamatse kan gadonsa, amma a matsayin mai karɓar umurni. Ke nan cikin shekara uku kacal yaron ya ga ƙarshen tsarin da iyayensa suka ɗauka zai dawwama.

Karatu da koyarwa

A 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. A nan ake koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna karatu da rubutu da baƙaƙen boko, da lissafi, da labarin ƙasa, duk cikin harshen Hausa. Bello yana cikin waɗanda suka yi wannan makaranta, ya kuwa je ta ne da karatunsa na Arabiyya da ya samo a gida. Daga nan ya koyar a Zariya, sa'an nan aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, ya zama malamin Arabiyya da addini. Ta wannan kwaleji ce Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka bi, haka kuma ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, ya kuma yi karatunsa a Katsina a hannun wan nasa. Tazarar shekara 21 da ke tsakanin wa da ƙane ta isa abin lura, domin kuwa Imam ya taso ne ya tarar da mulkin Turawa ya riga ya zauna, shi kuwa Bello ya san abin da ke gabaninsa da idonsa.

Ganɗoki

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman masu ilmi su rubuta ƙagaggun labarai da boko, saboda 'yan makaranta ba su da abin karantawa in ban da littattafan darasi da na fassara. Neman ya zo wa malamai da yawa baƙo, domin a wurinsu rubutu na ilmi ne, ƙirƙirar labari kuwa aikin tsofaffi mata ne da yara da dare. Malam Bello yana da shekara 43, malamin addini ne kuma, amma bai ga abin ya fi ƙarfin girmansa ba. Ya rubuta, aka zaɓi nasa cikin biyar ɗin da aka buga.

Littafin kashi biyu ne. A kashi na farko Ganɗoki barde ne na Sarkin Sudan, yana ba da labarin kansa da bakinsa, da kirari da cika baki, yana ambaton garuruwa da sarakuna na haƙiƙa da yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa, har zuwa lokacin da aka ci ƙasar. Mai karatu yana iya ɗaukar taswira ya bi sawunsa. A kashi na biyu sai ya yi gabas, ya bar ƙasar Hausa, shi da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljannu da dodanni, inda suke yaƙi suna cin nasara, suna musuluntar da waɗanda suka ci. Bayan wannan duka ya komo gida ya tarar zamani ya sake.

Manazarta da dama sun ɗauki wannan rabuwa a matsayin rauni, wai mawallafin ya fara tarihi ya ƙare da tatsuniya. A ganina a nan ne ƙarfin littafin yake. Takobin da bai yi wa Ganɗoki rana ba a gaban bindiga mai ruwa, shi ne dai ya sake zama abin tsoro da zarar ya ƙetara. Duniyar aljannu a cikin littafin wuri ne da tsohuwar jarunta take da sauran daraja, inda jihadin da ya tsaya a Burmi yake iya ci gaba. Wanda ya yi gudun hijira yana ɗan shekara 11, sa'an nan ya yi shekaru yana karɓar albashi a makarantar waɗanda suka kore shi, ba shi da inda zai ba barden Kwantagora nasara in ba can ba. Kada kuma a manta Bature ne zai karanta rubutun kafin a buga.

Mai karatu Bahaushe bai sha wahalar yarda da wannan ƙetarawa ba, domin ya riga ya san akwai maƙwabta da ba a gani. A ƙauyukanmu na arewacin Kano, wajen Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, gona tana jikin gona, ba sauran dajin da za a ce dodo yana ciki, amma duk da haka ana hana yaro zama a gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, ana hana shi yawo da almuru, ba a kuma zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, don kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Masu bori ma suna da birnin Jangare, mai sarki da fadawa da unguwanni kamar na mutane. Abin da Malam Bello ya yi sabo shi ne ya ɗauki mutum daga cikin tarihi mai shekara da sunan gari, ya shigar da shi can, ya kuma komo da shi.

Yana da kyau a kwatanta da abin da aka yi a wasu ƙasashe. A Ingila an daɗe da irin wannan ƙagaggen labari na yara masu ƙetarawa zuwa wata duniya, tun daga Alice ta Lewis Carroll a 1865. Wanda ya fi kusa da namu shi ne littafin farko na jerin Narnia da C. S. Lewis ya fitar a 1950, shekara 16 bayan Ganɗoki. A cikinsa yara huɗu ne aka fitar daga Landan saboda ruwan bama-baman Jamus, aka kai su wani gida a ƙauye, suka shiga kabad na ajiye tufafi suka ɓulla wata ƙasa, har suka yi sarauta a can. Nan ma yaƙi ne ya kora su bakin ƙofar. Bambancin yana wajen komowa. Yaran Lewis sun yi shekaru a can, amma da suka dawo sai suka tarar lokaci bai motsa ba, komai yana inda suka bar shi. Ganɗoki kuwa ya komo ne kamar As'habul Kahfi, gida ya yi gaba ya bar shi, ba wanda yake bukatar barde. Ingila ba a ci ta da yaƙi ba, Kwantagora an ci ta, kowane mawallafi ya rubuta komowar da ya sani.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. Hare-haren Nagwamatse sun ɗaiɗaita ƙasar Gwari da maƙwabtansu, an kwashi mutane da yawa an sayar. Littafin yana kallon wannan duka ta idon mai doki, waɗanda aka kai wa harin kuwa ba su da murya a cikinsa, kamar yadda dodannin kashi na biyu ba su da ita. Ɗalibin da ya fito daga waɗannan al'ummu ba zai karanta kirarin Ganɗoki da irin nishaɗin da mu muke karanta shi ba, ya kuma dace malamai su riƙa ta da wannan magana a aji.

Hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi salon jarumi mai yaƙar abubuwan al'ajabi, sa'an nan a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ne da kansa, Kilba, aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi. A nan ɗan ya karɓi matsayin tauraro, ba ya bin bayan uba kamar Garba Gagare.

Alƙalanci da ƙarshen rayuwa

Malam Bello bai sake rubuta wani ƙagaggen labari da ya yi suna ba. Bayan ya bar koyarwa ya koma sana'ar mahaifinsa, ya yi alƙalanci a Hukumar En'e ta Katsina, daga baya aka naɗa shi Walin Katsina, sarautar da aka fi saninsa da ita, har ita ce ake bugawa a bangon littafinsa. A 1951 aka buga tarihin da ya rubuta na Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sarkin da Turawa suka ɗora, ya kuma rungumi boko da asibiti da tafiye-tafiye zuwa Makka da Ingila. Ke nan alƙalami ɗaya ne ya rubuta barden da ya ƙi miƙa wuya, ya kuma rubuta sarkin da ya zauna da sabon zamani ya ci moriyarsa.

Alhaji Bello Kagara ya rasu a 1971 yana da shekara 81, bayan ya ga zuwan Turawa da tafiyarsu a 1960. Ƙanensa Abubakar Imam ya bi shi bayan shekara 10, a 1981. Allah ya jiƙansu.