John Smyth: Limamin da ya yi wa kansa baftisma

A shekarar 1609, a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wani limamin Kirista ɗan gudun hijira daga Ingila mai suna John Smyth ya ɗebi ruwa ya zuba wa kansa da niyyar baftisma, sannan ya juya ya yi wa mabiyansa su kimanin 40.

Akasarin masana tarihi na ɗaukar wannan ƙaramin taro a matsayin mafarin ɗariƙar Baptist, wadda a yau ke da miliyoyin mabiya a duniya, ciki har da Najeriya. Sai dai ba a jima ba shi kansa ya fara shakkar ko yana da hurumin yin abin da ya yi.

An haifi John Smyth wajen shekarar 1570. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, aka kuma naɗa shi limami a Cocin Ingila a shekarar 1594. A shekarar 1600 hukumar birnin Lincoln ta ɗauke shi aikin wa'azi, amma bayan shekara biyu ta sallame shi. Daga nan ya koma garin Gainsborough, inda ya riƙa neman abinci da aikin likita.

A wancan zamani addini da sarauta a haɗe suke a Ingila. Sarki ne shugaban coci, shi ke zaɓen bishop-bishop, su kuma ke naɗa limamai ta hanyar ɗora musu hannu a ka. Cocin na riƙe da cewa wannan naɗi silsila ce da ba ta yanke ba tun daga almajiran Almasihu. Ƙaurace wa ibadar cocin kuwa laifi ne da doka ke hukuntawa, kuma Sarki James na Ɗaya, wanda ya hau mulki a shekarar 1603, ya ƙara matsa wa masu bijirewa lamba.

Wajen shekarar 1606 Smyth ya yanke shawarar cewa Cocin Ingila ya kauce hanya, ya yi watsi da naɗin da bishop ya yi masa. A ganinsa, Almasihu jama'ar masu imani ya bai wa iko kai tsaye. Duk inda suka haɗu suka ƙulla alkawarin bauta tare, komai ƙanƙantarsu, sun zama coci cikakke, suna da ikon zaɓen limaminsu da kuma tsige shi.

Da tsangwama ta yi yawa, shi da jama'arsa suka yi ƙaura zuwa Amsterdam, inda ake da sassaucin addini. Wani mai hali cikinsu, Thomas Helwys, shi ya ɗauki nauyin tafiyar.

A can ne Smyth ya bi hujjarsa har ƙarshenta. Baftisma dai ita ce ibadar da ake shigar da mutum Kiristanci da ita, kuma a Cocin Ingila, kamar a Katolika, tun ana jariri ake yin ta. Smyth ya ce jariri bai san abin da ake ciki ba, balle ya yi imani, kuma cocin da ya kauce hanya ba zai iya yi wa kowa baftisma karɓaɓɓiya ba. Ke nan shi da mabiyansa duk ba a taɓa yi musu ba. To wa zai fara, tunda babu ko ɗaya da ya riga wani? Ya warware wannan ƙulli da hannunsa.

Sauran 'yan Ingila da suka ɓalle daga cocin, waɗanda su ma ke zaman hijira a Holan, sun yi masa ca. Suka laƙaba masa sunan mai yi wa kansa baftisma, suna masu cewa idan aka buɗe wannan ƙofa, kowa ma sai ya wayi gari ya kafa nasa cocin.

To amma abin da ya fi damun Smyth shi ne maƙwabtansa. Shi da jama'arsa suna zaune ne a wani tsohon gidan burodi mallakar Jan Munter, ɗan ɗariƙar Mennonite, waɗanda suka daɗe da barin yi wa jarirai baftisma. Da ya san su sosai, sai ya ga ashe akwai cocin gaskiya a kusa da shi. Ya ce yi wa kai baftisma lalura ce kawai ke halatta ta, watau inda babu wanda za a je wurinsa, kuma shi gaggawa ya yi. A shekarar 1610 shi da mutum 31 suka rubuta takardar amincewa da kuskure, suka nemi a karɓe su.

Thomas Helwys da wasu kimanin goma suka ƙi. Hujjarsa ita ce, idan sai an karɓi iko daga hannun wani, to su 'yan Mennonite daga wa suka karɓa? Duk wanda ya bi silsilar baya, a cewarsa, a Cocin Rum zai tsinci kansa, wanda shi ne suka gudo wa tun farko. Suka kori Smyth daga cocin da shi ya kafa.

Helwys ya koma Ingila, inda wajen shekarar 1612 ya kafa cocin Baptist na farko a ƙasar, a unguwar Spitalfields da ke Landan. Ya wallafa littafin da a ciki ya ce sarki ba shi da iko kan imanin mutum, ko Kirista ne, ko Bayahude, ko Musulmi. Aka ɗaure shi, kuma ya mutu a kurkuku wajen shekarar 1616.

Ra'ayin Helwys ne ya yi rinjaye, shi ya sa har yanzu kowane cocin Baptist ke cin gashin kansa, babu Fafaroma a samansa. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba. A shekarar 1851 wani mai wa'azi a Amurka, J. R. Graves, ya jagoranci wani ɓangare da ke da'awar cewa cocin Baptist na da silsila tun daga zamanin Almasihu. Masana tarihi kaɗan ne suka yarda da hakan.

Shi kuwa Smyth, 'yan Mennonite sun yi ta jan ƙafa kan buƙatarsa, saboda wasu rassansu na ɗari-ɗari da baƙin. A rubutunsa na ƙarshe ya yi nadamar kaifin harshen da ya yi amfani da shi kan abokan hamayyarsa, abin da ba kasafai ake samu ba a wurin malaman wancan ƙarni. Tarin fuka ya yi ajalinsa a watan Agustan shekarar 1612, ba ya cikin cocin da ya kafa, bai kuma shiga wanda ya nema ba.

Sai a watan Janairun shekarar 1615 'yan Mennonite suka karɓi ragowar mabiyansa. Waɗanda Smyth ya yi wa baftisma da hannunsa, ba a nemi su sake ta ba.