Umar ɗan Abdul'aziz: Gyara Daga Gida Ya Fara

'Yan uwa, Umar ɗan Abdul'aziz, Allah Ya yi masa rahama, cikin daular Banu Umayya ya tashi, har ya yi gwamnan Madina. Da aka ɗora masa halifanci a shekara ta 99 bayan Hijira, da kansa ya fara. Ya mayar da gonakin da ba haƙƙinsa ba, matarsa Faɗima 'yar Abdulmalik ta miƙa kayan adonta baitulmali. Sannan ya yanke wa danginsa abin da suka saba kwasa. Sun ji haushi fa, bai janye ba. Dukiyar ta koma ga talakawa da masu bashi. Ya rasu a shekara ta 101, mulkinsa bai cika shekara uku ba.

Allah Ka ba mu shugabanni masu tsoronKa.