Likita Mila Na Wusasa (1872–1952)

A fitowar bana mun zaɓo tarihin baƙo, wanda ba addininmu ɗaya ba, domin akwai abin lura cikin rayuwarsa ga masu kishin ilimin garinmu.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Ya fara koyon Hausa a birnin Tarabulus. A 1900 ya biyo tawagar Bishop Tugwell zuwa Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

Burinsa na farko shi ne ya jawo 'ya'yan sarakuna da malamai ta hanyar karatun boko. Haka bai cimma ruwa ba, domin iyaye sun gane inda aka dosa. Yaran da suka riƙe makarantar daga baya, da yawansu 'ya'yan Isawa ne, mabiyan Malam Ibrahim na Kano. Ya so su zama masu wa'azi da harshensu, shi ya sa ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Makarantar da aka kafa don bishara sai ta riƙa yaye ma'aikata. Cikin ɗaliban Mila akwai Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya yi firamare. Horar da limaman coci kuwa ya koma hannun kwalejin tauhidi ta St. Francis da ke nan Wusasa. Mila ya rasu a Bukuru a 1952.

Iyayenmu sun yi gaskiya da suka tsare addininsu. To amma tsoron nan ya daɗe bayan dalilinsa ya kau, muka yi jinkirin samun likitoci da malamai namu. Yau makarantun Indabo a hannunmu suke, masu koyarwa 'ya'yanmu ne. Wanda ya bar yaro a gida yanzu ba shi da hujjar kakanninsa. Allah Ya sa mu gane, amin.