TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA (1877–1955)

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kawo tarihin attajirin Kano cikin littafin bikin cikar sarauta shekara 100 a ƙasar Abzin. Amsar tana bisa kawunan manyanmu. Baƙin rawani mai sheƙi, wato alasho, wanda ake ƙawa da shi ranar naɗi da ranar salla daga Agadas har Arlit, saƙar ƙasar Kano ne, kuma garin Kura ne ya yi suna wajen rininsa da bugunsa. Tun zamanin kakanni ayarin Abzinawa ke ɗauko gishirin Bilma da dabino su gangara kudu, su komo da gero da turkuɗi. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850 ya isa Kano a 1851, ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Saboda haka duk abin da ya sami masaƙi da marini a Kano ya taɓa mu. Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka tsaya don kada ciniki da sana'ar 'yan ƙasa su zama ganimar kamfanonin Turawa, ga shi kuma asalin gidansu yana komowa wajenmu.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ɗan Baba Talatin ne, attajirin da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna Madobi. Su Agalawa ne, jama'ar da kakanninsu suka fito daga cikin Buzaye suka zauna ƙasar Hausa, suka riƙe faraucin goro har aka san su da shi. Mahaifiyarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai ƙarfin jari.

Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyar ta tashi ta koma Ankara, ta bar 'ya'yanta hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga wannan baiwar Allah ya sami laƙabin Ɗantata, sunan da yau ya game duniya, alhali ita kanta ba ta bar komai ba sai tarbiyyar da ta yi. Ya yi karatun allo a Bebeji cikin ƙunci irin na maraya, yana aikatau yana 'yan saye-saye da sayarwa, yana jefa abin da ya samu cikin asusu. Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Ya isa Ankara yana zaton zai huta a gidan mai dukiya, sai ta miƙa shi ga wani malami, ya ci gaba da almajirci da neman na kansa har ya komo gida.

Bai daɗe da komowa ba Basasar Kano ta tashi a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa sun goyi bayan Tukur, aka kuwa ci su da yaƙi. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Wanda ya taɓa ganin an yi masa kuɗi kamar haja ba ya sake raina 'yancin kai, kuma ana iya ganin alamar wannan a dukan sha'aninsa na baya.

FATAUCIN GORO

Hanyar Gwanja ta dā doguwa ce. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu da Dagomba kafin ya kai Salaga, a yi watanni ana tafiya ana biyan fito ga kowane sarki. Yaƙin da ya rushe kasuwar Salaga a 1892 ya tura fatake kudu zuwa Karachi da Kumasi da bakin teku. Alhassan ya lura da abin da sauran madugai ba su kula da shi sosai ba: goro ɗanyen kaya ne, kowace rana a hanya hasara ce. Wajen 1906 ya fara loda goronsa a jirgin ruwa daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko, yana haɗawa da duwatsun ado da yadudduka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A wannan lokacin ya kafa gidansa a unguwar Sarari cikin birnin Kano.

AUDUGA DA GYAƊA

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don sai an fahimci wannan zamani za a san matsayin mutumin.

Ingilishi sun ci Kano a 1903. Babban gurinsu game da Arewa shi ne auduga. Masu masaƙun Lankasha sun kafa ƙungiyar noman auduga, BCGA, a 1902, don su rage dogara ga audugar Amurka, kuma da wannan fata aka shimfiɗa dogo har Kano. Lissafinsu shi ne manomi ya noma auduga, a kai ta Ingila a saƙa, a komo masa da ita a matsayin akoko da atamfa ya saya. Da lissafin ya ci, da masaƙa da marina da mabuga da maɗinka na ƙasar Kano sun zauna hannu rabbana, da mu ma a nan mun koma naɗa rawanin Manchesta.

Abin bai yiwu ba. Mata masu kaɗi da masaƙan gida suna biyan kuɗin auduga fiye da farashin da BCGA ta yanka, domin suna da masu saye tun daga Barno har Abzin. Manomi kuwa ya san inda ribarsa take. Ba a yi taro ba, ba a yi shela ba, amma audugar ƙasar Kano ta ƙi shiga taragon Bature, ta ci gaba da tafiya mazari da ƙoshiya. Injin gurzar da aka kafa a Zariya ya daɗe bai sami abin da aka yi masa tsammani daga Kano ba. Abin da manoma suka yarda su sayar wa Turawa shi ne gyaɗa, wadda ake shukawa tare da dawa da gero, in ciniki ya ƙi a ci ta a gida. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo su ne suka baza yaransu ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufa tun kafin kaka.

Alhassan ya shiga wannan ciniki sosai a 1918, lokacin da kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya shigo a baya, amma kafin 1922 ya wuce kowa a Kano. Sirrinsa amana ce da yawan jama'a: yana ba wakilansa jari ba tare da takarda ba, su kuma suna da nasu yaran a kowace kasuwar ƙauye, abin da babu Baturen kanti da zai iya. A 1929, da bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20, ya kuma ƙi karɓar ruwa a kansu saboda addini. Ya sauke farali a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa mutane da yawa kuɗin aikin hajji.

ZAMANIN ƘAURACE WA KANTUNAN TURAWA

A 1929 kamfanin Neja ya haɗe da wani babban kamfani suka zama UAC. Daga nan 'yan manyan kamfanoni kaɗan suka riƙa haɗa baki su yanka farashin amfanin gona da na kayan kanti yadda suka so. A ƙasar Gwalkwas, inda Alhassan ya yi almajirci, jama'a sun mai da martani a fili. Daga ƙarshen 1937 zuwa Afrilun 1938 manoman koko suka ƙi sayarwa, suka kuma ƙaurace wa kayan Turawa, sarakunansu na gargajiya suna tsaye a bayansu, har gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin bincike. Bayan shekara goma wani basarake na Ankara, Nii Kwabena Bonne na Uku, ya zaga garuruwa yana neman goyon bayan sarakuna, aka daina sayen yadi da sauran kayan kantunan Turawa daga 26 ga Janairun 1948. Ranar da aka janye ƙauracewar, 28 ga Fabrairu, ita ce ranar da 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku a kan hanyar fadar Gwamna, tarzoma ta tashi, kuma tun daga nan mulkin Ingilishi a ƙasar bai sake zama daidai ba. Abin lura ga masu riƙe da sarauta shi ne, a duka biyun, ba a yi nasara ba sai da sarakuna suka sa hannu.

Alhassan bai jagoranci irin wannan ba, kuma ba za mu jingina masa abin da bai yi ba. Akwai ma masu cewa ai shi wakilin kamfanin Turawa ne, da su ya yi arziki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. A tsarin wancan zamani ɗan ƙasa ba shi da jirgi, ba shi da banki, kuma ko da Alhassan ya nemi izinin fitar da gyaɗa waje da kansa ba a ba shi ba. Abin da ya rage shi ne ya riƙe tsakiyar cinikin, tsakanin manomi da sikeli, don kada wannan ma ya faɗa hannun baƙi. Ya riƙe shi gam shekara 30 da ɗoriya. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ya kai ga samun lasisin saye da sunansa a farkon shekarun 1950, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin da dā yake yi wa aiki. Dalar gyaɗa da ta zama tambarin Kano, wadda kowace ɗaya kan ɗauki buhu wajen 15,000, da yawa daga cikinsu nasa ne.

MASAƘAR 'YAN ƘASA

A ganinmu aikinsa mafi nauyi shi ne wanda ya yi da furfura. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yadi ya yi tsada, kuma yadin waje ya fara cin kasuwar saƙar hannu a hankali. Attajiran Kano suka ga cewa masaƙin gargajiya shi kaɗai ba zai iya ja da injin Lankasha har abada ba, sai 'yan ƙasa sun mallaki injin su ma. Suka haɗa jari suka kafa kamfanin Kano Citizens Trading Company. A 1949 Alhassan ya ba da kadara ta fam 10,200 don a kafa masaƙar, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1950, ta zama masaƙar zamani ta farko mallakar 'yan ƙasa a Arewacin Nijeriya. Ƙarama ce in an gwada da babbar masaƙar Kaduna da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1957 tare da wani kamfanin Ingila, amma ita ta riga, kuma kuɗin fataken goro da gyaɗa ne suka tsai da ita. A waɗannan shekarun ne kuma aka shigar da shi majalisar Sarkin Kano yana ba da shawara kan sha'anin kasuwa, abin da ba a saba yi wa wanda ba ɗan sarauta ba.

Abin takaici, yawancin manyan masaƙun Kano da Kaduna da suka biyo baya sun rufe, ta Kaduna ta tsaya a 2002, yadin Asiya ya cika Kantin Kwari. Karofin Ƙofar Mata da masu alasho na Kura kuwa, waɗanda aka yi zaton su za su fara mutuwa, suna nan da sauran numfashi, kuma rawunan Abzin na cikin abin da ya riƙe su.

RASUWARSA

Alhassan ya ga zamanin sarakunan Kano takwas, daga Abdullahi Maje Karofi zuwa Muhammadu Sanusi. Da ciwon ajali ya kama shi ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare kada su wargaza kamfanin, su kuma riƙe zumunci da waɗanda suka yi masa hidima. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka rufe shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Cikin 'ya'yansa akwai Alhaji Ahmadu, wanda ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, da Alhaji Sanusi, da Alhaji Mamuda, da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a watan Yunin 2025 aka rufe shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote, mai masana'antun siminti da sukari da matatar mai ta Legas, jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya jiƙan Tata da ta rene shi, Ya kyauta namu ƙarshen, amin.