Sarkin Katsina Usman Nagogo, Mahayin Da Ya Gaji Ubansa

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, a wannan mako mun kawo muku tarihin wani mahayin doki wanda ya tashi a gidan mahaya, ya kuma bar mahaya a bayansa, watau marigayi Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an tuna halin da doki ya shiga a ƙasar Arewa lokacin da aka haife shi. A zamanin da, doki kayan yaƙi ne, ƙarfin sarki kuwa yawan baradensa. Mutanen Kwantagora sun san haka sarai, gama da dawaki Umaru Nagwamatse ya kafa garinsu, da su kuma ɗansa Sarkin Sudan Ibrahim ya riƙe ƙasar, har Turawa suka ci ta a 1901. Kano da Sakkwato suka biyo baya a 1903. Daga nan bindiga ta kashe kasuwar barde, doki ya koma na hawan Salla da rangadi. Da an bar abin haka nan, da gwanintar hawa da aka gada kaka da kakanni ta bi ruwa.

An haifi Usman a shekarar 1905. Shekara guda bayan haka, a 1906, aka naɗa mahaifinsa Muhammadu Dikko, wanda yake Durɓi a lokacin, ya zama Sarkin Katsina. Dikko mutum ne mai son dawaki ƙwarai da gaske, ga shi kuma ba ya tsoron sabon abu. A 1921 ya tafi aikin Hajji, ya bi ta Ingila. Da ya ga wasan ƙwallon dawaki, watau folo, wanda hafsoshin Turawa ke yi a tsakaninsu, sai ya gane cewa ga inda gwanintar barade za ta sami mafaka. Ya sa aka yi filin wasa a Katsina, ya hau da 'ya'yansa dawaki, ya ba su sanduna. Daga cikinsu Usman ne ya yi zarra.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, wasan nan mutum huɗu-huɗu ake yi a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 300. Ana buga ƙaramar ƙwallo da doguwar sanda a hannun dama kawai, linzami a hagu, doki kuwa yana cikin sukuwa. Kowane zango minti 7 ne, sa'an nan a sake dawaki domin gajiya. Kowane ɗan wasa akwai lambar da ake ba shi gwargwadon iyawarsa, wadda ƙarshenta 10 ne. Usman Nagogo ya kai 7, kuma har yau ana lissafa wannan cikin mafi girman matsayin da ɗan Nijeriya ya taɓa takawa. Lambar nan ba a ba mutum ita don ɗan sarki ne. A fili ake samunta, a gaban jama'a, bayan an sha faɗuwa da ƙura. Ta haka ƙungiyar Katsina ta sha ɗaukar Kofin Jojiyan, wanda shi ne babban kofin wasan a ƙasar nan, tun zamanin da masu wasan suka koya suke riƙe da mulki.

Wasa bai hana shi aiki ba. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina, kana a 1937 ya zama Magajin Gari. Da Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a 1944, sai aka naɗa shi Sarkin Katsina. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya tafi Indiya da Bama ya gai da sojojinmu da ke bakin daga, yawancinsu 'yan Arewa da suka daɗe ba su ga na gida ba. Ku da kuke zaune nesa da gida kun san daɗin irin wannan ziyara. Daga bisani ya zama minista maras ofis a gwamnatin Jihar Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sarauniyar Ingila kuma ta ba shi lambar girma ta Sa. Duk da waɗannan hidimomi bai saki linzami ba, shi ne ma ya zama shugaban ƙungiyar wasan folo ta Nijeriya har iyakar ransa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Manjo Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya rasu a 1995, sanannen ɗan folo ne. Haka kuma Alhaji Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaje shi a sarauta ya yi mulki har 2008, shi ma mahayi ne. Watau ke nan kaka da ɗa da jikoki, duk a kan sirdi ɗaya.

Allah ya yi wa Sarki Usman Nagogo rasuwa ran 18 ga Maris, 1981, bayan ya shekara kusan 37 a gadon sarauta. Akwai kwalejin Larabci da ilmin addinin Musulunci a Katsina da ke ɗauke da sunansa.

A Ikko aka fara kafa kulob ɗin folo a ƙasar nan, tun 1904, kuma yana nan a Ikoyi. In wata rana hanya ta bi da ku ta wajen, kuka ga yaran Arewa na ɗaura sirdi, wasu kuma na kan doki da sanda a hannu, to ku tuna da wanda ya share musu fage. Ya sami doki a gidan ubansa, amma sunan da ya bari da guminsa ya same shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.